Malaman Ingilishi Masu Aikin Sa Kai a Jamhuriyar Nijar, 1962 zuwa 2011

A shekara ta 1962 waɗansu matasa bakwai daga Amurka suka sauka a Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar. Aikin da ya kawo su shi ne koyar da Ingilishi a makarantun gwamnati. Su ba 'yan mishan ba ne, ba kuwa ma'aikatan ofishin jakadanci ba. Mutane ne da suka sa kansu, suka yarda su yi shekara biyu a ƙasar da ba tasu ba, a kan ɗan abin da zai ishe su ci da sha. Su ne rukuni na fari da ƙungiyar Peace Corps, wato rundunar salama, ta aika zuwa Nijar. Kafin a dakatar da aikin ƙungiyar a can a watan Janairu na 2011, mutum fiye da 3,000 sun bi sawunsu.

Labarin nan ya shafi masu bi da ke jin Hausa ta hanya biyu. Ta fari, da yawa cikin baƙin nan sun zauna a garuruwan Hausa, kamar su Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Birnin Ƙonni, da Magarya, suka koyar da 'ya'yan Musulmi da na Kirista a aji ɗaya. Ta biyu, tambayar da tarihinsu ya tayar ita ce wadda take gaban kowace ikkilisiya mai aika matasanta zuwa wata ƙasa: yaya baƙo zai yi hidima har abin da ya yi ya tsaya bayan tafiyarsa?

Abin da ya sa Nijar ta nemi Ingilishi

Nijar ta sami 'yancin kai daga Faransa ran 3 ga Agusta, 1960. Faransawa sun bar ta da makarantu kaɗan ƙwarai. Cikin yara ɗari da suka isa shiga makaranta, waɗanda suke zuwa ba su kai biyar ba, kuma babu jami'a ko ɗaya a ƙasar. Duk karatun boko da Faransanci ake yinsa tun daga ranar da yaro ya shiga aji.

Amma Nijar tana da iyaka mai tsawon kilomita wajen 1,500 da Nijeriya. Ingila da Faransa ne suka shata ta a kan takarda, yarjejeniyar 1906 kuwa ita ce ta daidaita yawancinta. Layin ya ratsa tsakiyar ƙasar Hausa. Ya raba Katsina da Maraɗi, ya raba Daura da Magarya, ya raba Illela da Birnin Ƙonni. Mutane dai ba su daina auratayya da cin kasuwa ba, gama Hausa ta ishe su. Sai dai abin da ya shafi takarda, kamar kwastan, da banki, da kotu, da wasiƙun gwamnati, a gefe ɗaya Faransanci ne, a ɗaya gefen Ingilishi. Banda wannan, tun zamanin mulkin mallaka dubban Zabarmawa da Hausawan Nijar sukan tafi cin rani Kumasi da Akra, inda nan ma harshen hukuma Ingilishi ne.

Shugaban ƙasa na fari, Hamani Diori, malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa, ya kuma taɓa koyar da Hausa da Zabarmanci a birnin Paris. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci a Yamai a watan Maris na 1970. Duk da haka ya san ƙasarsa ba za ta juya wa Nijeriya baya ba. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya goyi bayan gwamnatin tarayya, ko da yake Faransa ta karkata ga Biyafara, a 1971 kuma ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai hedkwata a Yamai. Ƙasa mai irin wannan maƙwabciya tana bukatar ma'aikata masu jin Ingilishi. Tsarin karatun da aka gada daga Faransa ma ya sa Ingilishi cikin darussan sakandare. Abin da babu shi ne malamai.

Inda al'adar ta samo asali

Aika matasa su yi aikin sa kai a ƙasashen waje ya soma kafin Peace Corps. A 1958 wani Bature mai suna Alec Dickson da matarsa Mora suka kafa ƙungiyar VSO a Ingila. Dickson ya san Afirka ta Yamma, domin a farkon shekarun 1950 ya shugabanci wata cibiyar horar da matasa a Man O' War Bay, a gaɓar tekun Kamaru ta Kudu, wadda a lokacin ake mulkinta tare da Nijeriya. Bishop na Portsmouth, Launcelot Fleming, ya goyi bayan shirin da wasiƙar da ya rubuta wa wata jarida. Rukuni na fari bai kai mutum ashirin ba, samari ne da suka gama sakandare ke nan.

A Amurka kuwa, John Kennedy ya yi wa ɗaliban Jami'ar Michigan magana da tsakar dare ran 14 ga Oktoba, 1960, yana neman shugabancin ƙasa, ya tambaye su ko za su yarda su yi aiki a ƙasashe kamar Gana. Da ya hau mulki ya sa hannu a kan umarnin kafa Peace Corps ran 1 ga Maris, 1961, ya ɗora surukinsa Sargent Shriver a kanta. Dokar da majalisa ta yi a watan Satumba na shekaran nan ta ba ƙungiyar manufa uku: ta taimaki ƙasashe da ma'aikata masu horo, ta sa mutanen ƙasashen su fahimci Amurkawa, ta kuma sa Amurkawa su fahimci waɗansu al'ummai. Rukunin da ya fara isa wurin aiki malamai ne wajen hamsin, waɗanda suka sauka a Akra a ƙarshen Agusta na 1961, zamanin Kwame Nkrumah, suka rera waƙa da harshen Twi a filin jirgi.

Kanada ta kafa tata, CUSO, a 1961, Faransa kuma a 1963. Ikkilisiyoyi ma ba su zauna ba. A 1962 kwamitin agaji na 'yan Menonait a Amurka da Kanada ya buɗe shirin aika malamai zuwa makarantun Afirka, Nijeriya na cikin ƙasashen da suka samu. Samarin Menonait, waɗanda bangaskiyarsu ta hana su ɗaukar makami, da yawa sun yi wannan hidima a madadin aikin soja.

Darasin Ibadan

Tun kafin kowa ya je Nijar, wani abu ya faru a Nijeriya da ya zama gargaɗi ga dukan ƙungiyar. A watan Oktoba na 1961 rukunin farko na Peace Corps yana samun horo a Kwalejin Jami'a ta Ibadan. Wata budurwa a cikinsu ta rubuta kati zuwa ga wani abokinta a gida, ta kwatanta talauci da ƙazantar da ta ce ta gani a birnin. Katin bai kai gidan waya ba, ya faɗa hannun ɗalibai. Suka buga shi suka rarraba, suka yi taron zanga-zanga, suka ce baƙin nan 'yan leƙen asiri ne. Jaridun duniya suka ɗauka, budurwar ta bar ƙasar.

Sauran suka zauna suka ci gaba da aiki, hankula kuma suka kwanta. Amma kowa ya ga cewa ƙasar da ta karɓi 'yancinta shekara ɗaya da ta wuce ba za ta jure raini daga wanda ya ce taimako ya kawo ba. Baƙo makaho ne ko da yana da ido. Abin da ya gani a makonninsa na fari, talaucin ne kawai, mutuncin mutane kuwa sai ya daɗe zai gane shi. Zargin leƙen asiri ma bai mutu ba, gama zamanin yaƙin cacar baka ne tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet. Ƙungiyar ta kafa doka cewa wanda ya taɓa aiki da hukumar leƙen asiri ta CIA ba zai shiga cikinta ba, amma duk da haka Sekou Toure ya kori ma'aikatanta daga Gini a 1966. A Nijar kuwa aikin ya ci gaba ba yankewa, har ya ƙetare juyin mulki na 1974, da na 1996, da na 1999, da na 2010.

'Yan mishan da masu sa kai

Sa'ad da malaman nan suka iso, masu jin Ingilishi sun riga sun yi kusan shekara arba'in a kudancin Nijar. Mishan ta SIM ta buɗe aiki a Damagaram a 1924, daga baya a Tsibiri kusa da Maraɗi, ta kuma buɗe asibitin Galmi a 1950. Yawancin 'yan mishan ɗin daga Amurka da Kanada suke, amma ba Ingilishi suka zo koyarwa ba. Da Hausa suka yi wa'azi, da Hausa suka koya wa mutane karatu, domin su iya karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakkensa da Hausa a 1932. Hukumomin Faransa ba su saki jiki da su ba, tun da yake daga Nijeriya suka ƙetaro, harshensu kuma na Ingila ne. Doka kuwa ta ce makarantar boko sai da Faransanci.

Ta haka masu bi na Maraɗi da kewaye suka tashi da Hausa a sujada, suna bukatar Faransanci don aikin gwamnati, suna kuma bukatar Ingilishi in za su yi zurfi a makarantun tauhidi na Nijeriya, kamar na Igbaja da na Bukuru. Mishan ta yi jinkirin buɗe makarantun boko masu zurfi a Nijar, wannan kuwa ya zama abin gunaguni tsakaninta da 'yan ƙasa shekaru da yawa. Saboda haka 'ya'yan masu bi da suka sami shiga sakandaren gwamnati, da dama cikinsu a bakin malamin sa kai suka fara jin darasin Ingilishi.

Aikin ɓangarorin biyu dabam ne. Mai sa kai na Peace Corps baƙon gwamnati ne, an kuma hana shi yin wa'azi, ko mene ne addininsa. Ɗan mishan yakan zauna shekara ashirin ko talatin, mai sa kai shekara biyu. Amma abu ɗaya ya haɗa su: dukansu sun tarar cewa a ƙasar Hausa ba a buɗe wa mutum zuciya sai ya iya gaisuwa, ya tambayi gida da gajiya da sanyi, ya kuma zauna a tabarma.

Cikin aji

A shekarun farko akan horar da masu sa kai wata biyu zuwa uku a jami'o'in Amurka. Daga baya aka ga horon ya fi amfani a cikin ƙasar da za su yi aiki, aka kafa cibiya a Hamdallahi, tafiyar kilomita wajen talatin daga Yamai. A can suke koyon Faransanci, da Hausa ko Zabarmanci, da al'adun ƙasa, suna zaune a gidajen mutanen gari. Sa'an nan a rarraba su. Kuɗin da ake ba su na zaman gari ne, a farkon shirin kuma akan ajiye wa kowa dala 75 a kan kowane wata, ya karɓa in ya koma gida.

Yawancin malaman Ingilishi a makarantun da ake kira CEG suka yi aiki, wato ƙaramar sakandare ta shekara huɗu, wadda take ƙarewa da jarrabawar BEPC. Tun a aji na fari ake soma Ingilishi. A Hausar Nijar makarantar boko ita ce lakwal, malami kuwa mushe, dukansu daga Faransanci. Saboda haka saurayin Amurka ɗan shekara ashirin da biyu yakan wayi gari yara suna kiransa mushe, kalmar da takan ba Bahaushen Kano dariya.

Aikin ba mai sauƙi ba ne. Yaron da ya zo daga ƙauye ya tashi da Hausa, wataƙila ya yi makarantar allo, ya yi shekara shida yana fama da Faransanci, yanzu ga harshe na uku ko na huɗu. Malaminsa kuwa dole ya bayyana masa Ingilishi da Faransancin da shi kansa bai daɗe da koya ba. Hanyar koyarwa da ake yayi a shekarun 1960 ita ce ta maimaitawa: malami ya faɗi jimla, aji ya amsa, a sāke kalma ɗaya, a sake amsawa. Hanyar ta dace da yara masu saurin hadda, amma takan bar su da jimlolin da ba su san inda za su yi amfani da su ba. Littattafai ba su isa ba, sai allo da alli. Yara da yawa suna zaune a gidan wani mai riƙo a gari, nesa da iyayensu, 'yan mata kuwa kaɗan ne a aji. Shekarar karatu tana kamawa daga Oktoba zuwa Yuni, shirin jarrabawa kuma yakan faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da zafi yake wuce digiri 40.

Malaman da suka koma ɗalibai

Wani abin da ba a zata ba shi ne yawan waɗanda suka zo koyarwa suka koma gida da ilimin da ya zama aikin rayuwarsu. Paul Newman yana cikin rukunin farko na Nijeriya, ya koyar a Maiduguri daga 1961 zuwa 1963. Daga baya ya dawo Kano ya shugabanci cibiyar nazarin harsunan Nijeriya, ya fitar da ƙamus na Hausa zuwa Ingilishi tare da Roxana Ma Newman a 1977, a shekara ta 2000 kuma ya buga babban littafin nahawun Hausa. Russell Schuh ya yi aikin yaƙi da jahilci a Agadas daga 1965 zuwa 1967, ya zama farfesa a Los Angeles, ya koyar da Hausa shekaru da yawa, ya kuma yi nazarin harsunan Yobe kamar Ngizim da Bade da Bole har rasuwarsa a 2016.

Paul Stoller ya koyar da Ingilishi a Tera da Tilaberi daga 1969 zuwa 1971, ya koyi harshen Songhai, ya zama sanannen masanin al'adun mutanen bakin Kwara. Thomas Hale, wanda ya yi aiki da ƙungiyoyin manoma daga 1964 zuwa 1966, ya koma Nijar ya ɗauki labarin Askiya Muhammadu daga bakin wani maroƙi ya fassara shi. William Miles ya koyar da Ingilishi a Magarya daga 1977 zuwa 1979, a 1994 kuma ya buga littafi a kan yadda iyaka ta raba ƙasar Hausa, inda ya gwada ƙauyen Yardaji na Nijeriya da Yekuwa na Nijar.

Mutanen nan ba a aji suka sami abin da suka samu ba. Maƙwabta ne suka koya musu, da masu gadi, da mata masu sayar da fura, da ɗalibansu, ba tare da an biya kowa ba. In za a lissafa ribar shirin da gaskiya, sai a sa wannan a ciki: Nijar ta karɓi malamai, ta kuma ba da ilimi, sau da yawa abin da ta bayar ya fi abin da ta karɓa daɗewa.

Inda aikin ya gaza

Shirin yana da rauni da bai kamata a ɓoye ba. Yawancin masu sa kai sun gama jami'a ke nan, ba su taɓa riƙe aji ba. Shekara ta fari takan tafi wajen koyon aiki da harshe da jinyar zazzaɓi. A ta biyu mutum ya gwanance, sai lokacin tafiya ya yi, a kawo sabo ya soma daga fari. Yaron da ya yi shekara huɗu a CEG yana iya ratsa hannun baƙi biyu ko uku, kowa da lafazinsa da hanyarsa. Ba kowa ne kuma ya zo da zuciyar hidima ba. A lokacin yaƙin Biyetnam shiga Peace Corps yakan jinkirta kiran soja, waɗansu samari kuwa wannan ne ya kawo su.

Akwai rauni mafi girma. Malamin da gwamnati ba ta biyansa albashi yana iya sa a yi sanyin jiki wajen horar da ɗan ƙasa. Kayan aro ba ya rufe katara. Muddin ajin Ingilishi yana jiran wanda jirgi zai kawo, darasin yana hannun wata gwamnati, ranar da ta ga dama kuwa za ta janye. Ingilishi kuma 'yan kaɗan da suka kai sakandare ne suke samunsa, alhali yawancin yaran ƙasar ba su taka ƙofar lakwal ba. Sa'ad da fari na 1968 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ya kori mutane daga ƙauyuka, sai aka ƙara mai da hankali ga rijiyoyi, da dashen itatuwa, da abincin yara, da kiwon lafiya.

Miƙa alli ga 'yan ƙasa

Abin da ya sauya al'amarin shi ne samun malamai 'yan Nijar. An buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, a 1992 aka sa mata sunan Abdou Moumouni. Sashen Ingilishi na jami'ar da makarantar horon malamai suka soma fitar da waɗanda za su riƙe aji. Kuɗin yuraniyom na Arlit, wanda aka fara haƙa a 1971, ya taimaka aka gina makarantu a ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kountché. Da yawa cikin sababbin malaman nan tsofaffin ɗaliban masu sa kai ne.

Aikin haɗin gwiwa da ya fi daɗewa shi ne na littafi. Malaman Nijar da Amurkawa suka haɗu suka rubuta jerin littattafan aji mai suna English for the Sahel, wanda labaransa da sunayen mutanen cikinsa na yankin ne. Yaro ya sami Ingilishi yana magana a kan kasuwa da gona da rijiya irin waɗanda ya sani. An yi shekaru masu yawa ana amfani da shi a makarantun CEG, har bayan da baƙin suka bar aji.

Malaman 'yan ƙasa sun karɓi aikin a mawuyacin lokaci. Farashin yuraniyom ya faɗi a shekarun 1980. Ran 9 ga Fabrairu, 1990, jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy ta Yamai, aka kashe waɗansu. Aka yi babban taron ƙasa a 1991, aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994. Malamai suka yi watanni ba albashi, yajin aiki ya cinye karatun shekaru. Duk da haka darasin Ingilishi bai mutu ba, domin masu koyar da shi 'yan gida ne, ba su da wata ƙasa da za su koma. A shekarun ƙarshe na Peace Corps a Nijar yawancin ma'aikatanta suna ƙauyuka ne, a aikin gona, da lafiya, da kare ƙasa daga hamada, da taimakon matasa da ƙananan hukumomi.

Ƙarshen shirin

Ran 7 ga Janairu, 2011, 'yan bindiga suka sace samari biyu Faransawa daga wani gidan abinci a tsakiyar Yamai, washegari aka kashe su a wajen iyakar Mali. Cikin 'yan kwanaki Peace Corps ta kwashe ma'aikatanta, kusan mutum ɗari, zuwa Maroko, ta dakatar da aikin da ya yi shekara 49. Da yawa ba su sami yin sallama da mutanen ƙauyensu yadda ya kamata ba. Ba a sake buɗe shirin ba a shekarun da suka biyo baya. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa.

Ingilishi dai ya zauna. Bayan juyin mulki na 26 ga Yuli, 2023, dangantakar Nijar da Faransa da Amurka ta yi tsami, ƙasar kuma ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairu na 2025. Amma kundin da gwamnatin soja ta fitar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya kuma sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Harshen da baƙi bakwai suka zo koyarwa a 1962 ya shiga dokar ƙasa shekara goma sha huɗu bayan tafiyar na ƙarshensu, malaman da suke riƙe da shi kuwa 'yan Nijar ne.

Abin da ya rage ga masu bi

Aikin sa kai a ƙasar waje ya daina zama na Turawa kaɗai. A 1987, zamanin Janar Ibrahim Babangida, da Farfesa Bolaji Akinyemi yana ministan harkokin waje, Nijeriya ta kafa shirin Technical Aid Corps, mai aika malamai da likitoci da waɗansu ma'aikata su yi shekara biyu a ƙasashen Afirka da Karibiyan da Pasifik. Ƙungiyar aikin bishara ta ECWA, wato EMS, wadda asalinta ya koma 1948, ta daɗe tana aika ma'aikata zuwa ƙasashe maƙwabta. Saurayi ko budurwa daga Jos, ko Zariya, ko Kumasi, mai Ingilishi da Hausa, yana da abin da Ba'amurke na 1962 ya yi shekara yana nema, wato harshen da zai yi hira da iyayen ɗalibansa tun ranar da ya sauka.

Wannan dama tana da nata haɗari. Mai jin Hausa yana iya zaton ya riga ya san Maraɗi ko Damagaram, ya raina Faransancin makaranta, ya yi wa Hausar mutanen dariya, ya riƙa gwada kome da yadda ake yi a gida. Ta haka zai rubuta nasa katin na Ibadan da bakinsa. Ikkilisiyar da za ta aike shi ya kamata ta tabbatar ya koyi aikin koyarwa kafin ya tafi, ya koyi Faransanci gwargwadon bukata, ya shiga ta hannun ikkilisiya da hukumomin ƙasar, ya kuma san halin tsaro na wurin. In makarantar gwamnati ce, sai ya koyar da abin da aka ɗauke shi ya koyar, da aminci, ya bar halinsa ya zama shaidarsa.

Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna Bulus da Barnaba suna naɗa dattawa a kowace ikkilisiya da suka kafa kafin su wuce gaba. Tarihin malaman Ingilishi a Nijar ya tabbatar da hikimar wannan tsari a fannin makaranta. Inda baƙo ya riƙe alli shi kaɗai, aikin ya tafi tare da shi. Inda ya zauna da abokin aiki ɗan ƙasa, suka shirya darasi tare, suka rubuta littafi tare, ya ƙarfafa ɗalibi mai ƙwazo ya shiga makarantar horon malamai, a nan ne ajin ya ci gaba. Saboda haka tambayar da dattawan ikkilisiya za su yi wa wanda ya dawo daga irin wannan hidima ita ce: wa ka bari a wurin, me kuma mutanen wurin suka koya maka?